SALMANUL FARISI, GWAMNAN DA YA ƘI AJE SAƘAR KABA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa hanyoyin neman halal, Ya sanya albarka cikin gumin mai nema. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa musulmi, akwai wata ƙara da ake yawan kawo mana a zaure ko a bakin masallaci bayan an sallame salla. Ɗa ne wanda Allah Ya buɗa wa zai zo ya ce ya ɗauke wa mahaifinsa hatsi da cefane da kuɗin magani, amma tsohon ya ƙi barin rumfarsa ta kasuwa, har mutane sun fara zunɗensa suna cewa ya bar ubansa cikin rana. In kuwa muka zauna da dattijon, sai ya ce shi bai raina alherin ɗansa ba, amma ranar da ya aje sana'arsa, ran nan ne zai fara zaman jiran mutuwa. Kowanensu yana da gaskiyarsa, kuma sau da yawa a kan rabu rai a ɓace.

Ma'aikacin gwamnati yana da ranar da aka rubuta masa. In ta zo sai a miƙa masa takarda ya aje aiki, ko yana so ko ba ya so. Amma manomi da maɗinki da maƙeri da baduku da ɗan kasuwa, waɗanda su ne mafi yawan masu cika sahun masallatanmu, babu mai rubuta musu wannan rana. Su ne za su yanke wa kansu. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu kawo tarihin wani sahabi wanda wannan zaɓi ya zo gabansa ƙarara. An yanka masa rabon da zai ishe shi zama har ƙarshen rayuwarsa, ya riƙa karɓa yana rabarwa, ya ci gaba da ci daga aikin hannunsa har ya koma ga Ubangijinsa. Shi ne Salmanul Farisi, Allah Shi ƙara masa yarda.

ASALINSA DA FITARSA NEMAN GASKIYA

An haifi Salmanu a ƙasar Farisa, wadda ake kira Iran a yau, a wani ƙauye mai suna Jayyu kusa da birnin Isfahan. Haka Ibnu Ishaƙa ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya ji labarin daga bakin Salmanu kansa. Mahaifinsa shi ne maigarin, mai gonaki da dukiya, kuma yana kan addinin Majusanci na masu bautar wuta. Saboda tsananin son da yake yi masa sai ya tsare shi cikin gida kamar yadda ake tsare budurwa. Salmanu ya yi zurfi cikin addinin iyayensa har aka danƙa masa kula da wutar da suke bauta wa, wadda ba a bari ta mutu. Wato ɗan gata ne wanda bai san zafin nema ba, kuma da ya zauna gidan ubansa, da gado kaɗai ya ishe shi.

Wata rana gini ya shagaltar da uban, sai ya aike shi gona. A hanya ya wuce wata majami'ar Nasara, ya ji muryoyinsu suna addu'a, ya shiga ya tsaya kallo har rana ta faɗi, bai je gonar ba. Da ya komo ya gaya wa uban cewa ya ga addinin da ya fi nasu, sai uban ya tsorata ya sa masa mari a ƙafa. Salmanu ya aika wa Nasaran nan su sanar da shi in ayarin Sham ya zo. Ranar da ayarin ya tashi komawa ya yar da marin ya bi su, bai sake ganin gidan ubansa ba.

A Sham ya zauna wurin babban limamin Nasara yana yi masa hidima. Mutumin nan ya kasance yana kwaɗaitar da jama'a yin sadaka, in sun kawo sai ya ɓoye wa kansa, har ya cika tulu 7 da zinariya da azurfa. Bayan mutuwarsa Salmanu ya nuna wa mutane inda dukiyar take. Mu riƙe wannan a zuciya, domin wanda ya ga mai wa'azi yana cin haƙƙin miskinai tun yana saurayi, ba abin mamaki ba ne in ya tsufa yana taka-tsantsan da dukiyar jama'a.

Wanda ya gaji wannan limami mutumin kirki ne mai gudun duniya. Da ajalinsa ya matso ya tura Salmanu wurin wani malami a Mausil, ta ƙasar Iraƙi. Na Mausil ya tura shi Nasibin, na Nasibin kuma ya tura shi Ammuriyya, garuruwa biyu da ke cikin ƙasar Turkiyya a yau. A Ammuriyya ne ɗan maigarin nan ya fara neman na kansa, ya yi aiki har ya mallaki ƴan shanu da ɗan garken tumaki. Malaminsa na ƙarshe ya shaida masa cewa lokacin bayyanar wani Annabi ya kusa, wanda zai yi hijira zuwa wata ƙasa mai dabino tsakanin filaye biyu na baƙaƙen duwatsu. Ya ba shi alamominsa uku: yana cin kyauta, ba ya cin sadaka, kuma akwai hatimin annabci tsakanin kafaɗunsa.

BAUTA DA FANSAR KAI

Bayan rasuwar wannan malami, wasu fatake na ƙabilar Kalbu suka biyo ta garin. Salmanu ya ba su shanunsa da tumakinsa a kan su kai shi ƙasar Larabawa. Da suka iso Wadil Ƙura, arewa da Madina, sai suka ci amanarsa suka sayar da shi ga wani Bayahude a matsayin bawa. Daga baya wani ɗan'uwan mutumin, daga Banu Ƙuraiza, ya saye shi ya tafi da shi Madina. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Salmanu ya bi ta hannun iyayengiji fiye da 10, wannan ya miƙa shi ga wancan.

A Madina aikinsa shi ne kula da gonar dabinon ubangidansa. Yana bisa dabino ne ranar da ya ji wani yana ba ubangidan labarin mutumin da ya zo daga Makka ya sauka a Ƙuba, jama'a sun taru gare shi. Jikinsa ya ɗauki rawa har ya ji kamar zai faɗo. Da ya sauko yana tambaya, ubangidan ya kai masa naushi ya umurce shi ya koma bakin aikinsa. Wannan ya faru a shekarar hijira, 622 miladiyya.

Da maraice ya ɗauki ɗan abincin da ya tara ya kai wa Manzon Allah (S.A.W.) a Ƙuba da sunan sadaka. Manzon Allah ya ce wa sahabbansa su ci, shi bai ci ba. Bayan ƴan kwanaki ya sake kai wani abincin da sunan kyauta, ya ga ya ci tare da su. Ran nan kuma ya same shi a maƙabartar Baƙi'a wajen jana'iza, ya zagaya bayansa, Manzon Allah ya gane abin da yake nema ya sauke mayafinsa. Salmanu ya ga hatimin, ya faɗa kansa yana kuka, ya musulunta.

Amma bauta ba ta sake shi nan da nan ba. Ita ce ta hana shi halartar yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira da na Uhudu a shekara ta 3. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya nemi yarjejeniyar fansar kai da ubangidansa. Bayahuden ya tsuga masa farashi mai nauyi: ya dasa masa dabino 300 su kama, ya kuma biya uƙiya 40. Sahabbai suka taimake shi da dashe, wani ya kawo 30, wani 20, wani 15, wani 10, har suka cika. Salmanu ya haƙa ramukan tare da taimakon ƴan'uwansa, Manzon Allah ya zo ya dasa su da hannunsa mai albarka, kuma ko ɗaya bai mutu ba. Sannan aka kawo wa Manzon Allah curin zinariya kamar ƙwan kaza, ya ba Salmanu, aka auna ya cika abin da ake bin sa. Da haka ya zama ɗa.

Ibnu Abdil Barri, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, ya ambata cikin littafinsa Al-Isti'ab cewa a Madina ne Salmanu ya koyi saƙar kabar dabino. Wannan ita ce ƙaramar sana'ar da ya fita da ita daga shekarun wahala, kuma ita ce ta raka shi har bakin kabari.

ZAMANSA TARE DA MANZON ALLAH

A shekara ta 5 bayan hijira, wato 627 miladiyya, rundunar taron dangi ta mutum 10,000 ta nufo Madina, musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Salmanu ne ya ba da shawarar a haƙa gwalalo a gefen da garin yake a buɗe, dabarar da Farisawa suka sani amma Larabawa ba su saba da ita ba. Aka raba aikin, kowane mutum 10 aka ba su kamu 40. Masu tarihi sun ruwaito cewa saboda ƙarfinsa wajen haƙa, Muhajirai da Ansaru suka yi jayayya a kansa, kowane ɓangare yana cewa nasu ne, har Manzon Allah (S.A.W.) ya raba gardamar ta hanyar lissafa shi cikin mutanen gidansa. Tun daga Yaƙin Gwalalo bai sake rasa wani yaƙi tare da Manzon Allah ba.

Manzon Allah ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsa da Abud Darda'i. Wata rana Salmanu ya kai masa ziyara, ya tarar da matarsa cikin tsummokara, ta shaida masa cewa ɗan'uwansa ba ya da sauran bukata ga duniya. Da aka kawo abinci Abud Darda'i ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai ya ci tare da shi. Da dare ya yi Abud Darda'i ya tashi zai yi nafila, Salmanu ya sa shi ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare suka yi salla. Sannan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma wajibi ne a ba kowa nasa. Da labarin ya kai ga Manzon Allah sai ya gaskata Salmanu. Wannan yana cikin Sahihul Buhari, kuma za mu komo kansa, domin shi ne ma'aunin da ke nuna cewa naciyar Salmanu ga aiki ba ta azabtar da jiki ba ce.

RABON BAITULMALI DA SARAUTAR MADA'IN

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya riƙe halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan hijira, wato 634 zuwa 644 miladiyya. A zamaninsa aka buɗe Iraƙi. A shekara ta 16 rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta ƙetare kogin Dijla a kan dawaki ta shiga Mada'in, babban birnin Kisra sarkin Farisa. Salmanu yana cikin rundunar, kuma shi ne ke kiran Farisawa zuwa ga Musulunci da harshensu. Shi da Huzaifa ɗan Yamani ne kuma aka aika suka zaɓi filin da aka gina birnin Kufa a shekara ta 17.

Da dukiya ta yawaita, Umar ya kafa diwani, wato littafin da aka rubuta sunayen musulmi da abin da kowa zai riƙa karɓa daga baitulmali duk shekara gwargwadon rigayensa cikin Musulunci. Mutanen Badar aka yanka musu dirhami 5,000. Salmanu bai halarci Badar ba, amma Aɗ-Ɗabari ya ambata cewa Umar ya haɗa shi da su, tare da Abu Zarri da Hasan da Husaini. Don mu gane girman wannan rabo, mu tuna cewa nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne. Ke nan abin da Salmanu ke karɓa a shekara guda ya ninka nisabi sau 25, kuma in an raba shi bisa kwanakin shekara zai kama dirhami 14 kowace rana. Wannan haƙƙinsa ne halal, ba roƙo ba, ba bashi ba, kuma zai riƙa zuwa muddin yana raye.

Bayan haka aka naɗa shi gwamnan Mada'in. Yaron da ya gudu daga Farisa da sawun mari a ƙafa ya komo yana mulkin birnin Kisra. Hasanul Basari ya ruwaito cewa yana shugabantar mutane kimanin 30,000, amma yana yi musu huɗuba cikin bargo guda, wanda yake shimfiɗa rabinsa ya lulluɓa da rabi. In rabonsa ya fito sai ya rabar da shi duka, ya koma yana ci daga saƙar hannunsa.

DIRHAMI UKU

Ibnu Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230 bayan hijira, ya kawo cikin Aɗ-Ɗabaƙat labarin wani mutum da ya shiga wurin Salmanu a Mada'in tare da kawunsa, suka tarar da shi yana saƙa. Salmanu ya bayyana musu lissafinsa. Yakan sayi kaba ta dirhami 1, ya saƙa ta, ya sayar dirhami 3. Dirhami guda ya mayar cikin jari, guda ya ciyar da iyalinsa, guda ya yi sadaka. Ya ƙara da cewa ko Umar ne ya hana shi wannan aiki ba zai bari ba. Wasu kuma da suka tambaye shi dalilin da zai sa gwamna mai rabo a baitulmali ya zauna yana saƙa, ya amsa musu cewa yana son ya ci daga aikin hannunsa ne.

An ruwaito daga Imamu Malik cewa Salmanu ya daɗe ba ya da ɗaki, yana fakewa a inuwar itatuwa da katangu. Wani ya nemi ya gina masa, ya ƙi, sai da mutumin ya siffanta masa ɗakin da in ya miƙe kansa zai taɓa rufi, in ya kwanta ƙafarsa za ta taɓa bango, sannan ya yarda. Wata rana wani baƙo ya gan shi cikin tufafin talakawa ya zaci ɗan dako ne, ya aza masa kaya. Suna tafe mutane suka gaya wa baƙon cewa wannan fa gwamna ne. Mutumin ya ruɗe yana ba da haƙuri, yana neman karɓar kayansa, Salmanu ya ƙi saukewa sai da ya kai shi masauki. Wani kuma ya tarar da shi yana kwaɓa gari da kansa, saboda ya aiki baransa wani wuri, ba ya son ya haɗa masa aiki biyu.

ME YA SA BAI HUTA BA?

Dalili na farko shi ne wanda ya faɗa da bakinsa. Ya tabbata cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya fifita abincin da mutum ya samu da aikin hannunsa a kan kowane abinci, ya kuma ba da misali da Annabi Dawuda, wanda yake sarki ne amma yana ci daga aikin hannunsa. Salmanu ya ɗauki wannan da gaske, bai ga cewa furfura ko sarauta sun fitar da shi daga cikinsa ba.

Na biyu, a ganinmu, yana cikin tarihinsa. Mutumin da ya yi shekaru yana hawan dabinon wani, amfanin ya tafi gidan wani, ya san bambancin aikin bauta da aikin ɗa. Kabar da ya saya da kuɗinsa, ya saƙa lokacin da ya ga dama, ya sayar ga wanda ya so, alama ce ta ƴancin da aka fanso da dabino 300. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shugaban da tuwon gidansa bai rataya ga baitulmali ba kuwa, ba ya jin nauyin faɗin gaskiya, kuma ba ya tsoron ranar da za a tuɓe shi.

Na uku shi ne dirhamin nan na sadaka. Rabon baitulmali sau ɗaya yake zuwa a shekara, amma saƙa tana ba shi abin bayarwa duk lokacin da ya kai kaya kasuwa. Ya so hannunsa ya zauna a sama har ƙarshen rayuwarsa.

Wani zai ce ai tsoho kamata ya yi ya bar kasuwa ya lizimci masallaci. Salmanu bai ga saɓani tsakanin biyun ba. An taɓa ganin ya sayi abinci mai yawa ya aje, aka yi mamakin haka daga sahabin Manzon Allah, sai ya bayyana cewa rai in ya san abincinsa yana aje yakan natsu, ya samu sukunin ibada, waswasi ya rabu da shi. Saƙar ba ta hana shi huɗuba da karantarwa ba, kuma iliminsa ya kai har Sayyidina Ali ya kamanta shi da Luƙmanul Hakim. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Abud Darda'i ya rubuto masa daga Sham yana gayyatarsa ya komo ƙasa mai tsarki, Salmanu ya mayar masa da amsa cewa wuri ba ya tsarkake mutum, aikinsa ne ke tsarkake shi.

RASUWARSA

Da ciwon ajali ya kama shi, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya zo gaishe shi ya tarar yana kuka. Salmanu ya shaida masa cewa ba son duniya ko ƙin lahira ne ya sa shi kuka ba. Abin da ke damunsa shi ne Manzon Allah ya yi musu wasiyya kada abin da ɗayansu zai tara ya wuce guzurin matafiyi, shi kuwa yana jin tsoron ya ƙetare iyaka. Sa'adu ya duba ɗakin bai ga komai ba sai akushi da kwanon wanki da abin alwala. Ibnu Majah ya ruwaito cewa abin da ya bari dirhami 20 ne da ƴan kai. Wannan shi ne gadon mutumin da dirhami 5,000 ke bi ta hannunsa duk shekara.

Ya rasu a Mada'in a ƙarshen halifancin Sayyidina Usmanu, a shekara ta 35 ko farkon ta 36 bayan hijira bisa zance mafi shahara, wato wajen 656 miladiyya. Garin da kabarinsa yake ana kiran sa Salman Pak, kudu maso gabas da Bagadaza. Akwai masu cewa ya rayu shekara 250 ko ma 350, amma Imamuz Zahabi, bayan ya bi diddigin ruwayoyin cikin littafinsa Siyar, ya rinjayar da cewa shekarunsa 70 ne da wani abu. Ke nan dattijo ne kamar dattawanmu, mai gajiya irin tasu, kuma a wannan shekaru ne yake zaune yana saƙa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Da farko mu tsare adalci. Karɓar rabon baitulmali ba laifi ba ne, sahabbai masu yawa sun rayu da shi, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Umar ya karɓi abin da ya zo masa ba da roƙo ko hange ba. Haka nan ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, kamar yadda muka karanta cikin Risala. Dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, ko ya zaɓi ya huta ya ci daga hannun ɗansa, babu zargi a kansa ko kaɗan. Abin da tarihin Salmanu ke nuna mana shi ne wanda ya zaɓi ci gaba da aiki shi ma yana da magabaci na ƙwarai, kuma bai kamata a ɗauke shi mai kwaɗayi ko mai kunyata ƴaƴansa ba.

Ga ƴaƴa muna cewa: ku ci gaba da kai hatsi da cefane, wannan haƙƙi ne a kanku ko tsohon yana sana'a ko ba ya yi. Amma kada ku ƙwace masa rumfa don gudun bakin mutane. A wannan rumfa yake gaisawa da abokansa, a nan ake zuwa neman shawararsa, daga nan yake samun abin da zai miƙa wa almajiri da jika da maƙwabci ba tare da ya tambayi kowa ba. In kun raba shi da ita kun raba shi da dirhaminsa na uku. Abin da ya fi shi ne ku sauƙaƙa masa aikin: ku gyara masa inuwa, ku sa yaro ya riƙa ɗaukar masa kaya, ku biya masa abin hawa.

Ga iyayenmu dattawa kuma, cikin ladabi, muna tunatar da ku abu uku. Salmanun da ya haƙa gwalalo da ƙarfinsa shi ne ya koma saƙa a zaune da shekaru suka ja, kuma shi ne ya koya wa Abud Darda'i cewa jiki yana da haƙƙi. Wanda hauya ta fi ƙarfinsa ya koma tufkar igiya, ko saƙar tabarma, ko kiwon ƴan awaki a gida, kada ya kashe kansa cikin rana. Na biyu, Salmanu bai mayar da ribarsa duka cikin jari don ya tara ba. Wanda Allah Ya wadata, amma har yanzu kasuwa tana hana shi jam'i da zumunci, kuma babu rabon miskini cikin cinikinsa, to ya binciki zuciyarsa, domin wannan ba tafarkin Salmanu ba ne. Na uku, ci gaba da aiki ba ya nufin ƙanƙame mabuɗi. Mun sha zama rabon gado inda mamaci ya tafi da lissafin bashi da ajiyar mutane cikin kansa, ya bar magada cikin husuma. Ku rubuta, ku kafa shaidu, ku koya wa na baya sana'ar tun kuna da ƙarfin gyara musu kuskure.

Ga matasa da ma'aikata kuwa, ku lura cewa sana'ar da ta rufa wa gwamnan Mada'in asiri ya koye ta ne tun kafin ya san zai yi sarauta. Kujera tana da ranar barinta. Kowa ya nemi abin da hannunsa zai iya tun yanzu, kada ya raina shi don ƙanƙantarsa. Ya zo cikin Musnad na Imamu Ahmad cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wanda tashin alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannunsa, in yana da halin dasa shi, ya dasa.

Muna roƙon Allah Shi yarda da Salmanu da sauran sahabbai baki ɗaya, Shi sanya albarka cikin sana'o'inmu, Shi ba iyayenmu lafiya da rufin asiri, Shi ba ƴaƴanmu ikon yi musu biyayya, Shi sa mu cika da imani. Amin.